VM ɗin da aka ɗaure a turke da rabon nauyi na atomatik: garke ɗaya zan yi ko biyu?

ɗan_kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin yau mako biyu ke nan ina zana tsari a takarda ina yagawa.

Ni ke kula da ɗakin sabobi na wani kamfani a nan Kano, muna yi wa 'yan kasuwa da wasu ma'aikatu lissafin albashi da biyan kuɗi. Sabobi biyar gare mu. Uku sababbi ne, kowacce tana da furosesa biyu masu ƙwaya 16, wato ƙwaya 32 da zare 64 (kowace ƙwaya zare biyu gare ta, wato layin aiki biyu), RAM kuma gigabait 512. Biyu tsofaffi ne, ƙwaya 24 kowacce, RAM gigabait 256. Dukkansu rumbu ɗaya na ajiyar bayanai suke kallo. A kansu akwai VM 46, kwamfutocin nan marasa gangar jiki da ke zaune cikin saba kamar 'yan haya. Biyu daga cikinsu ne ke ɗauke da databes, manhajar adana bayanai, ta Oracle Database Enterprise Edition: babba wadda ake aiki da ita kullum, mai RAM gigabait 96, da ƙarama ta fitar da rahoto.

Lasisin da kamfani ya saya na furosesa huɗu ne kacal. A lissafin Oracle ƙwayar Intel ko AMD rabin furosesa ce, saboda haka ƙwaya takwas ce halak ɗinmu. Na ɗaure babbar a kan ƙwaya shida, ƙaramar a kan biyu, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke, don kada ta taka inda ba mu biya ba.

Har yanzu a kan Oracle VM 3.4 muke, tsarin da ke gudanar da VM ɗin, wanda aka gina a kan Xen. Wa'adin tallafinsa ya ƙare tun 2024, shi ya sa aka ba ni umarnin mu koma Oracle Linux KVM da manajansa OLVM. Tunda za a rushe a sake gini, ina so in gyara abin da ya kusa ja mini asarar aiki a watan jiya.

Ga abin da ya faru. Sabobin biyar duk a garke ɗaya na same su, wato kulasta ɗaya da VM ke iya ƙaura a tsakanin sabobinta. Na gaji da kiran da ake yi mini cewa wannan VM tana jan ƙafa, waccan ta tsaya, in tashi in ɗauke ta da hannu in kai wata saba. Sai na kunna DRS, mai rabon nauyin nan da ke duba wace saba ce ta yi nauyi ya kwashe mata kaya ya kai inda da sauƙi, ba tare da an kashe VM ba. Sati uku na samu barci mai daɗi. Ranar 27 ga wata aka fara aikin albashi. Aikin da muka saba gamawa cikin minti 40 ya ci awa uku bai ƙare ba. Manajan kuɗi yana tsaye a kaina, abokan hulɗa suna ta bugo waya. Na duba allon manajan sabobi, wato manhajar da ke kula da su, sabar da databes ke kai tana nuna kashi 45 cikin ɗari, wato a ido lafiyarta ƙalau. Da na shiga cikin VM ɗin kanta na buga top, umarnin da ke nuna abin da ke cin furosesa, sai na ga lambar st, lokacin da ake ƙwace mata furosesa, ta haura 20. Na koma rajistar ayyuka na ga cikin dare DRS ya turo VM bakwai kan wannan sabar, saboda a ganinsa ita ce mai sarari. Na kwashe su da hannu, aiki ya tafi. Tun ranar DRS a kashe yake, na koma ɗaukar kaya a ka.

Abin da ban gane ba, me ya sa ƙwayoyin da na ɗaure mata ba su zama nata ita kaɗai ba? Sannan a sabon gini, in bar su duka a garke ɗaya in sa wa na databes alamar kada a motsa su, ko in raba garken biyu? In rabawa zan yi, waɗanne sabobi zan ba wa databes, sababbi ko tsofaffi? Kuma abin da ya fi hana ni barci: idan sabar da aka ɗaure databes a kai ta mutu da tsakar dare, ina za ta tashi, tunda na hana ta motsi?

Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

tsohon_injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka ya samu da yawa daga cikinmu, kuma amsar tana cikin misalin da ka kawo da bakinka. Turke akuyar yake riƙewa, ba ya hana sauran dabbobi zuwa su ci ciyawar da ke gabanta. Da ka ɗaure VM a kan ƙwaya shida, ita ka hana fita. Sauran VM ɗin da ba a ɗaure ba suna yawo a kan dukkan zare 64, har da nata. Su in wuri ya cika sai su matsa gaba, ita kuwa ba ta da inda za ta je, sai ta tsaya a layi tana jiran a ba ta abin da kake zaton nata ne. Wannan jiran shi ne st ɗin da ka gani.

Mai rabon nauyi kuma matsakaicin sabar gaba ɗaya yake dubawa. Ƙwaya shida cikin 32 ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ko sun cika maƙil, shi a wurinsa saba ce da ke hutawa, sai ya ƙara mata kaya. Bai yi kuskure ba, abin da aka gina shi ya yi ke nan. Wani abu kuma da zan so ka duba kafin ka bar Xen: dom0, wato ɓangaren da ke yi wa kowace VM hidimar faifai da netwok, a kan zaren farko-farko yake zama. In daga sifili ka fara ɗaurinka, to tun asali databes ɗinka tana rabon kwano da shi.

Saboda haka raba su. Taura biyu ba ta taunuwa. Garke ɗaya na masu yawo, ka kunna musu rabon nauyi su yi ta kai-komo. Garke na biyu na ɗaurarru, babu atomatik ko kaɗan. Ni ba na raba garke da sunan sashe, wannan na akanta wancan na ma'aikata. Tambaya ɗaya nake yi wa kowace VM: an yarda ki motsa ko ba a yarda ba? Alamar hana ƙaura da kake tunanin sa wa VM biyu a cikin babban garke tana aiki, OLVM yana da ita, amma ba ta hana a turo musu maƙwabta, kuma alama ce da wani zai iya cirewa ranar da kake hutu don yana so ya sa wa saba faci.

Kan waɗanne sabobi, lissafin RAM ne zai yanke maka hukunci. Furosesa tana haƙuri da cunkoso, RAM ba ta yi. Tara RAM ɗin VM 44 ɗin nan ka gani. Idan sababbin uku ka ba su, kada ka ce kana da gigabait 1,536. Abin da kake da shi na saba biyu ne, 1,024, ka kuma cire wa kowace saba abin da ita kanta za ta ci. Ta ukun ajiya ce ta ranar da ɗaya ta faɗi ko za a yi mata gyara, ko da yake kullum ana moriyarta. Ma'ana kowace saba kada ta wuce kashi biyu cikin uku a ranar lafiya. Ni tsofaffin biyu zan ba wa databes. Kowace furosesa a cikinsu tana da ƙwaya 12 da RAM ɗinta na kusa gigabait 128, abin da ake kira NUMA. Babbar VM ɗinka mai 96 za ta zauna daram a ɓangare ɗaya, ƙwayoyinta da RAM ɗinta a gida ɗaya, ba sai ta riƙa tsallakawa ɗaya furosesar ɗebo bayanai ba. Ƙaramar ka kai ta ɗaya ɓangaren.

Yanzu abin da nake so ka rubuta da jan biro. Kada ka kwafi lambobin ɗauri daga Xen ka liƙa a KVM. A Xen zare biyu na ƙwaya ɗaya a jere suke, 0 da 1 ƙwaya ɗaya ce, don haka 0 zuwa 11 ƙwaya shida ce. A Linux yawanci ana gama lissafa zaren farko na dukkan ƙwayoyi sannan a dawo kan na biyu. A saba mai ƙwaya 24, abokin zare 0 sai ya zama 24. Ka rubuta 0 zuwa 11 a can, ka taka ƙwaya 12 daban-daban, ka ninka abin da ya kamata ka biya ba tare da ka sani ba. Wasu injunan ma tsallake suke yi, lambobin cika a furosesa ta farko, na mara a ta biyu. Buga lscpu -e, umarnin da ke jero zare da ƙwayoyin saba, ka kalli layin CORE da na NODE da idonka kafin ka taɓa komai. Ɗaurin kuma da olvm_vmcontrol za ka yi shi, shi ne kayan aikin da Oracle ta tanada don wannan.

Batun kuɗi kuwa, in ka bar su a garke ɗaya ana ƙaura da su, ƙwaya 144 ɗinka duka za a lissafa, lasisi 72 ke nan. Wannan kaɗai ya isa hujja a gaban shugabanninka.

mai_lissafi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Baba Injiniya, na yarda da duk abin da ka faɗa ta fuskar inji, amma a yi mini afuwa zan gyara lissafin ƙarshen nan, domin aikina ke nan, kwangilolin lasisi nake karantawa.

Lasisi 72 shi ne abin da za a ce da a kan VMware yake, wani tsarin gudanar da VM na daban, domin Oracle ba ta ɗaukar VMware a matsayin shinge mai ƙarfi da zai sa a biya kuɗin ƙwayoyin da aka ɗaure kaɗai, ko ka ɗaure ko ba ka ɗaure ba. A takardar da ta fitar kan Oracle VM ƙa'idar daban ce. Idan ana ƙaura da VM tana kunne a cikin garke, rangwamen ɗauri ya faɗi. Sai a ƙirga VM nawa ne ke ɗauke da manhajar Oracle, a biya lasisin sabobi daidai wannan adadin, a fara daga mafi yawan ƙwaya. Shi VM biyu gare shi, don haka manyan sabobi biyu za a lissafa: ƙwaya 64, lasisi 32. Farashin da Oracle ta daɗe tana wallafawa na Enterprise Edition dala 47,500 ne kowace furosesa, ban da kashi 22 cikin ɗari na tallafi duk shekara. Lasisi huɗu dala 190,000 ne, 32 kuwa dala 1,520,000. Ka juya shi zuwa naira ka ga ko akwai kamfanin da zai ji daɗin wannan takarda. Takardar ta kuma faɗa ƙarara cewa kada a kunna DRS ko DPM, mai kashe saba don rage shan wuta, a garken da ke da VM ɗaurarru. A KVM ma hukuncin ƙaurar ɗaurarriyar VM tana kunne bai canja ba, ba a yarda ba.

Ƙanena, abu na farko da za ka yi gobe da safe, tun kafin zanen garke: koma rajistar sati ukun nan da DRS ya yi a kunne, ka tabbatar VM biyun ba su taɓa barin sabarsu ba. In ba su motsa ba, fitar da rajistar ka adana ta a wuri mai kyau kafin ka rushe tsohon manaja. Ranar da masu binciken lasisi suka zo, ba maganar baki suke karɓa ba. Haka a sabon gini, duk lokacin da ka ɗaure ko ka sake ɗauri, ajiye abin da lscpu ya nuna da abin da kayan ɗaurin ya nuna, da kwanan wata.

Tambayarka ta mutuwar saba, akwai abin da ake kira ƙa'idar kwana goma. An yarda ka ajiye saba ɗaya ta ko-ta-kwana wadda ba ta da lasisi, muddin ita da babbar suna kulasta ɗaya suna kallon rumbu ɗaya, databes ta tashi a kanta har kwana goma a shekara. Kwanakin da ka yi amfani da ita don gyara ma suna cikin goman. Tashi za ta yi sabo bayan ta mutu a can, ba ƙaura tana kunne ba. Wannan ya sha bamban da Data Guard, inda kwafi na biyu ke kunne yana karɓar bayanai. Shi wannan cikakken lasisi yake ci. Ina ganin mutane da yawa suna haɗa biyun. Kuma ka sani takardar rabe-raben nan ita da kanta ta ce don ilmantarwa aka yi ta, ba ɓangaren kwangila ba ce. Ka ɗauko ainihin kwangilar da kamfaninku ya sa wa hannu, ka zana tsarin da kake so a shafi ɗaya, ka aika wa wanda ya sayar muku da lasisin ya amsa a rubuce.

Inda ban bi Baba ba shi ne ba wa databes tsofaffin sabobi. Tsohuwar ƙwaya da sabuwa kuɗinsu ɗaya a wurin Oracle, rabi-rabi ne duka. Tunda takwas kawai aka ba ka, ai mafi gudu ya kamata ka zaɓa. Kamar ka biya kuɗin kujerar jirgi ne ka hau akori-kura.

ɗan_kurna ya rubuta:

Baba, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganar turken nan ta warware mini abin da ya daɗe yana cin raina. Na duba, kuma gaskiya ne daga zare 0 na fara ɗaurin, tare da dom0 suke zaune tun ranar farko.

Hajiya, na bi rajistar layi-layi tun daga ranar da na kunna DRS har ranar da na kashe. Alhamdu lillahi ko sau ɗaya ba su motsa ba. Na fitar na ajiye kwafi biyu, ɗaya a wurin shugaban sashenmu.

Na kuma yi lissafin da Baba ya ce. VM 44 ɗin sun tashi gigabait 860. Na gwada shawarar Hajiya a takarda: in ba wa databes sabuwa ɗaya da tsohuwa ɗaya, masu yawo su samu sababbi biyu da tsohuwa ɗaya. Jimla 1,280 ke nan, amma in babba ɗaya ta faɗi saura 768, ba za ta ɗauki 860 ba. Ga shi kuma in na haɗa tsohuwa da sababbi a kulasta ɗaya, dole in saukar da nau'in furosesar kulastar zuwa na tsohuwar don ƙaura ta yiwu, sababbin su rasa wasu abubuwan da aka saye su dominsu. Sannan sabar ko-ta-kwana ta databes ba za ta zama irin babbar ba, lambobin ɗauri su sha bamban, ni kuma da ƙarfe biyun dare ba na so in tsaya lissafin zare. In kuwa na bi ta Baba, 860 a cikin 1,024 ta shiga, ko da yake da ƙyar.

Hujjar Hajiya tana nan daram, ban musa ba. Abin da nake so in sani shi ne ko ƙwaya shida na tsohuwar saba, idan babu mai damun su, za su iya aikin albashi cikin lokaci. Zan gwada da kwafin bayanan watan jiya ranar Asabar, a cikin ƙwayoyin da muke da izini, bayan na kashe ta rahoto da babbar. Kafin nan, akwai wanda ya taɓa saita rabon nauyi a OLVM? Ina tsoron in sake kunna abin da ban fahimta ba. Shugabanmu kuma ya ji labarin akwai tsarin da ke kashe saba da dare don a rage shan dizal, yana ta tambayata.

bazazzagi ya rubuta:

Malam, ni oVirt, manajan sabobin KVM, nake riƙe da shi shekara da shekaru, kuma OLVM daga jikinsa aka ciro shi, saitin iri ɗaya ne. Bari in ba ka abin da na sani.

A kulastar ɗaurarru ka bar tsarin rabo a kan none. A ta masu yawo ka zaɓi evenly_distributed. Yadda yake zuwa daga masana'anta, idan saba ta wuce kashi 80 na furosesa tsawon minti biyu sai ya fara kwashe mata VM. Minti biyun nan ya yi kaɗan. Bakof na dare ko binciken bairos zai ɗaga saba na minti biyar ya sauka da kansa, amma kafin nan an riga an fara ƙaura, ita ƙaurar ma nauyi ce. Da safe sai ka tarar VM ta yi zagaye uku ba dalili. Ni minti goma na sa. Akwai kuma iyaka ta RAM a cikin tsarin, wadda sai ka sa mata lamba da kanka take aiki. Kai da RAM ce matsalarka, kada ka bar ta fanko. Zaɓin da ke ba ka damar raba RAM fiye da abin da ke akwai, kashi 150 ko 200, kada ya ruɗe ka ka ce ka samu sarari. Gara ka bi VM ɗin ɗaya bayan ɗaya. Na tabbata za ka samu waɗanda aka ba gigabait 32 don mai manhajar ya nema, alhali ba su taɓa cin takwas ba.

Ƙaura ta samu layinta na kanta. VM mai gigabait 32 a kan layin gigabit ɗaya za ta ci sama da minti huɗu ko da ba ta taɓa komai ba, in kuma tana rubutu da sauri sai a yi ta kwafe abin da ta canja ba a kamo ta ba. A layin gigabit goma abin bai kai rabin minti ba. In ka haɗa ta da layin rumbu ko na manaja, ranar da za ka kwashe saba guda don gyara sai manaja ya daina jin sabobin ya ɗauka sun mutu.

Kada ka manta da VM ɗin da tagwaye ne, irin sabobin shiga na ma'aikata guda biyu ko na yanar gizo guda biyu. Mai rabon nauyi bai san 'yan uwan juna ba ne, zai iya tara su a saba ɗaya. Ka sa musu dokar nisanta, amma da saba uku kacal ka yi hattara da mai tsauri. In ka tilasta wa VM uku cewa kowacce sai sabarta, ranar da saba ɗaya ta faɗi ta ukun ba za ta tashi ko'ina ba.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne saita katin kula da wutar saba, iDRAC ko iLO ko IPMI, duk wanda injinka ke da shi. Manaja ba zai tayar da VM a wata saba ba sai ya tabbatar ta farkon ta mutu da gaske, domin in biyu suka rubuta a faifai ɗaya databes ta lalace. Hanyar tabbatarwar ita ce ya aiki wata saba ta kashe waccan ta katin. Ka gwada shi da rana tsaka, ka zare wayar netwok ka ga abin da zai faru. Ka kuma sa katunan da suwic ɗinsu a kan UPS. A irin wutarmu, sau da yawa ba saba ce ke mutuwa ba, suwic ne ke ɗaukewa na daƙiƙa kaɗan lokacin da ake juyawa zuwa janareta.

Batun dizal, tsarin sunansa power_saving, yana tara VM a sabobi kaɗan ya kashe sauran. A wurin mai saba talatin yana da riba. Kai uku gare ka, kuma ta ukun ita ce garkuwarka. In ya kashe ta da dare sannan ɗaya ta faɗi, sai an jira ta kunnu ta gama duba RAM ɗinta kafin VM ko ɗaya ya tashi. Faɗa wa shugabanku wutar da saba ɗaya ke sha ba ta kai ta na'urar sanyaya ɗakin ba. In dizal yake so ya rage, a toshe ramukan rak ɗin da iska mai zafi ke komawa gaba, a gyara ƙofar ɗakin.

ɗan_kurna ya rubuta:

Na dawo da rahoto kamar yadda na yi alkawari.

Ranar Asabar na kwashe tsohuwar saba ɗaya, na sa mata Oracle Linux, na buga lscpu -e. Yadda Baba ya faɗa haka na tarar: abokin zare 0 shi ne 24, kuma furosesa ta biyu daga 12 ta fara. Na bar ƙwayoyin farko ga ita sabar kanta da ƙaramar VM, na ɗaure babbar a furosesa ta biyu, zare 12 zuwa 17 da 36 zuwa 41, RAM ɗinta ma a wannan ɓangaren. Aikin albashin watan jiya ya ƙare cikin minti 44, st kuma bai bar sifili ba. Minti huɗu ya ƙaru a kan abin da muka saba a sabuwar saba, kuma zan iya zama da wannan.

Hajiya, ban watsar da maganarki ba. Na rubuta a kasafin baɗi cewa idan za a canja tsofaffin nan, a sayo biyu masu ƙwaya kaɗan amma masu gudu sosai, kada a sayo masu ƙwaya da yawa da ba za mu iya taɓawa ba. Zanen shafi ɗayan ma na aika, da tambayar kwana goman a ciki, ina jiran amsarsu a rubuce. Kafin ta zo, ta biyun za ta zauna babu databes ɗin Oracle a kanta, kuma tayar da databes a can da hannu zan yi shi, na rubuta matakan na manna a jikin rak.

Malam Bazazzagi, na bi VM ɗin ɗaya bayan ɗaya da rahoton wata uku. Goma sha ɗaya an ba su ninkin abin da suke ci, biyu kuma babu wanda ya shiga cikinsu tun bara. Daga 860 mun sauko 690. Katin wuta na ɗaya daga cikin sababbin sabobin ashe ko waya ba a taɓa sa masa ba, na sa jiya.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne inda manajan OLVM zai zauna. Ina tunanin in sa shi a matsayin VM a garken masu yawo, amma ina tuna ranar da wuta ta ɗauke gaba ɗaya UPS ya ƙare, aka kunna komai lokaci guda, sabobi suka riga rumbu tashi. Baba, a irin wannan hali kai ina kake ajiye naka, a cikin garken ko a wata ƙaramar na'ura daban?